Jirgina na tangaɗi da zarar ya wuce mil 62: laifin jirgi ne ko na hannu?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar manya nake nema. Jirgin kamun kifi ne irin na gasar kifin bas (wani kifin tafki da ake gasar kamunsa a Amurka), tsawonsa ƙafa 20, da injin rataye mai ƙarfin doki 250. Har zuwa mil 60 a awa lafiya lau yake tafiya. Da na ƙara ɗaga tirim, wato karkatar da ƙafar inji don goshin jirgi ya tashi, ya kai wajen 62 zuwa 64, sai ya fara tangaɗi, ya kwanta dama ya kwanta hagu, kuma kowace kwanciya ta fi ta baya. Sai na saki totur gaba ɗaya yake lafawa. Wanda ya sayar mini ya ce a hannunsa yana yin 72. To ina matsalar take?

Sarkin Ruwa: Wa alaikumus salam. Auta, a duk bayaninka ba tangaɗin ne ya ɗaga mini hankali ba, sakin totur ɗin ne. Kada ka sake yin haka. A wannan gudun goshin jirgi a sama yake, ƙarfin farfela ne ke riƙe da shi. Ka yanke wuta lokaci guda, goshi ya faɗo. In ya faɗo daidai lokacin da jirgin ke kwance a gefe ɗaya, gefen nan ya kama ruwa, bayan jirgi ya zagayo gaba, kai kuma ka tafi inda jirgin bai tafi ba. Idan ya fara, tirim za ka fara saukarwa, cikin jirgi ya koma ruwa, sannan ka rage wuta a hankali. Tirim tukuna, totur daga baya.

Ɗan Wuta: Haba Baba, kada ku tsorata yaro. Duk jirgi mai gudu yana yin haka a wani mataki. Ka danne totur ka ratsa shi, da ka kai 68 zai daidaita da kansa. Tsoro ne kawai ke hana mutane.

Sarkin Ruwa: Ɗan Wuta, wanda ka ga ya ratsa, ba totur ne ya ratsar da shi ba, hannunsa ne a kan sitiyari yake aikin da idonka bai gani ba. Tangaɗin da ya riga ya yi ƙarfi ba ya mutuwa da ƙarin gudu, ƙaruwa yake. Ba a ba sabon hannu irin wannan shawarar.

Malama Injiniya: Bari in sa baki, don idan aka gane dalilin, maganin ba ya wuya. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma ƙarfin da yake ɗaga jirgi da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: ka ninka gudu sau biyu, ɗagawar ta ninka sau huɗu. Ke nan jirgin da yake buƙatar wani fili na cikinsa ya taɓa ruwa a mil 35, a mil 70 kusan rubu'in filin nan ya ishe shi. Sauran jikin ya fita daga ruwa.

Masu ƙera waɗannan jirage da gangan suke yin haka. A ƙarƙashin jirgin, can baya a tsakiya, akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri, faɗinsa wajen ƙafa guda, mu kira shi tafin jirgi. A babban gudu a kansa kaɗai jirgin yake tsayawa. To jirgi mai faɗin kusan ƙafa 8, wanda da inji da mai da batura da mutane ya doshi tan ɗaya da rabi, yana tsaye a kan ɗan wannan tafi, nauyinsa kuma yana sama da shi. Farfela na juyawa gefe guda tana murɗa shi, iska na bugunsa, ƙaramar igiyar ruwa ta taɓa shi. Ya zame daga tafin ya faɗa kan haƙarƙarinsa na dama, ruwa ya mare shi ya mayar da shi, ya wuce tsakiya ya faɗa hagu, can ma a maro shi. Shi ke nan tangaɗin.

Saboda haka, Auta, ta wani ɓangaren albishir ne. Jirginka ya fara hawa tafinsa ke nan. A mil 60 bai hau ba tukuna, shi ya sa kake jin sa a zaune.

Bakanike: Malama ta faɗi gaskiya, amma ni ba zan yarda a fara maganar hannu ba sai an duba ƙarfe. Ruwa ba ya tsami banza. Auta, ɗora jirgin a kan tirela, inji a kashe. Sa wani ya riƙe sitiyari gam, kai ka kama ƙafar injin daga ƙasa ka girgiza ta dama da hagu da ƙarfinka. Idan tana motsi alhali sitiyari bai motsa ba, to kana da lako-lako, kuma babu gwanin da zai tuƙa jirgin nan lafiya. Wurare huɗu nake dubawa: iska a cikin man sitiyarin haidirolik, robobin da injin ke zaune a kansu in sun mutu, notunan jak ɗin da ke ɗaga inji, da notunan da suka ɗaure komai a bangon bayan jirgi. A ƙaramin gudu ba ka jin wannan sako-sakon. A babban gudu, duk lokacin da jirgi ya karkata, injin ya kaɗa da kansa ya tuƙa jirgin ba da izininka ba.

Auta: Oga Bakanike, yanzu na je na gwada. Tana motsi, ya kai rabin inci a can ƙasa. Kuma ina ganin sandar silindar sitiyarin na shiga tana fita kaɗan.

Bakanike: To ka gani. Iska ce a layin mai. A cire ta, a cika man, a sake girgizawa. In har yanzu akwai motsi, a koma kan robobin. Kada ka koma wancan gudun sai ƙafar ta tsaya cak.

Mai Fatsa: Ni fa tambayata daban ce, kuma ku yi haƙuri. Kifi aka je kamawa ko tsere? Na yi lissafi: tafiyar mil 30, a gudun 60 minti 30 ce. A gudun 70, minti 26 ba kaɗan. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu, su ne mutum zai sa wuyansa a kai? A mil 70 jirgi na cin mita 31 a kowace daƙiƙa. Kututture ya ɓullo a gabanka a nisan mita 60, daƙiƙa biyu gare ka, kuma jirgi ba shi da birki. Auta ya tsaya a 58 ya more rayuwarsa.

Ɗan Wuta: Yaya Mai Fatsa, kai ba ka shiga gasa shi ya sa. A gasa bi da bi ake sakin jirage da safe, kowa da lambarsa. In kai da wani kun san rami ɗaya da kifi ke kwana, wanda ya riga isa shi ke da wurin. Minti huɗun nan da ka raina su ne gasar gaba ɗaya.

Mai Fatsa: Auta ya ce maka gasa zai shiga?

Sarkin Ruwa: Ku biyun kowa na da tasa gaskiyar. Gasa ce ta haifi gudun, wannan ba a musu. Jirgin bas na farko da ake ambata, wanda Holmes Thurmond ya ƙera a Shreveport ta jihar Luwiziyana a 1948, wanda ya zama jirgin Skeeter, ɗan siririn jirgi ne da ƙaramin inji. Sai Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, shekarar da Forrest Wood ya fara ƙera jiragen Ranger a garin Flippin. Daga nan injuna suka yi ta girma har masu gasa suka sa iyaka, aka daɗe a doki 150 kafin a kai 250. To da aka ɗaure ƙarfin inji, ina za a samo ƙarin gudu? Sai a cikin jirgi da farfela da saiti. Kamfanoni irin su Allison da Bullet a nan suka yi suna, jirage marasa nauyi masu tafi, waɗanda kowa ya san sai an koyi tuƙinsu.

Amma Mai Fatsa, ga inda na rabu da kai. Mutumin da ya tsaya a 58 don bai san abin da ke faruwa a 64 ba, ba shi da tabbas ko a 58 ɗin. Ranar da ya fita shi kaɗai, tanki ya kusa ƙarewa, sanyin safiya ya ƙara wa inji ƙarfi, jirgin ya yi sauƙi, zai hau tafinsa a gudun da bai saba ba. Gara ya san abin, sannan ya zaɓi ya bar shi.

Auta: Ranka ya daɗe, to yaya ake koyon? Kowa sai ya ce mini "hannu ne", ba wanda ya faɗa mini me hannun ke yi.

Sarkin Ruwa: Don yawancinsu ba su san me suke yi ba, jikinsu ne ya sani. Ka taɓa tsayar da sanda a tafin hannunka? Ba ka jira ta kwanta sannan ka bi ta, tun tana niyyar karkata kake ɗan motsa hannu. Haka ne. Ka zuba ido can nesa inda ruwa ya haɗu da gaɓa, kana ganin goshin jirginka ta ƙasan ido. Da gefen dama ya fara sauka, ka ɗan taɓa sitiyari hagu ka dawo. Taɓawa, ba juyawa ba, inci ɗaya ko ƙasa da haka a bakin sitiyari. Da yake farfelar yawancin injuna dama take juyawa, in an ɗaga inji sama takan ja sitiyari dama, shi ya sa za ka ga yawancin gyaran hagu ne, ɗan bugu-bugu a kai a kai.

Abin da ke kayar da sabon hannu shi ne latti. Sai jirgi ya gama kwanciya yake gyarawa, gyaran nasa ya zo daidai da marin da ruwa ke yi, su haɗu su wurga jirgin ɗaya gefen da ƙarfi biyu. In ka ga ka makara sau biyu a jere, bar shi, sauke tirim ka sake farawa.

Ka nemi ruwa mai faɗi, babu jirage, babu iska mai ƙarfi. Ka cika tanki, ka ɗauki mutum ɗaya a kujerar hagu don nauyi ya daidaita. Ka hau har inda yake fara motsi ka tsaya a nan, kada ka wuce, har sai ka iya riƙe shi a miƙe ba tare da tunani ba. Sannan ka ƙara tirim taɓawa ɗaya. Wasu ma da ɗan lanƙwasa mai faɗi zuwa hagu suke koyo, don jirgin da ke cikin kwana a hankali ba ya samun damar tangaɗi.

Bakanike: Ƙari a kan na Baba: hannu biyu a sitiyari. In totur ɗinka na hannu ne, a sa maka na ƙafa, a kuma dawo da makunnin tirim jikin sitiyari inda yatsa zai kai. Mutum na gudun mil 65 da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben maɓalli, ban san me yake nema ba.

Malama Injiniya: Kuma igiyar kashe inji a ɗaure a jikinka, rigar ceto a sanye, ba a ƙarƙashin kujera ba. A Amurka tun watan Afrilun 2021 ɗaura igiyar doka ce ta tarayya ga jirage masu ƙasa da ƙafa 26 idan suna gudu a saman ruwa, masu shirya gasa kuwa sun daɗe da wajabta duka biyun muddin babban inji na aiki. Dalilin shi ne jan farfelar da Baba ya ambata: jirgin da ya yar da direbansa yakan karkata gefe guda ya yi ta zagaye, ya dawo kan wanda ke cikin ruwa.

Abu Hanan: Ni nawa ba dama da hagu yake yi ba. Goshi ne ke tashi yana faɗuwa, tashi faɗi, tashi faɗi, a wajen mil 30 zuwa 35. Ciwo ɗaya ne?

Malama Injiniya: A'a Malam, wannan sukuwa ce, ciwonta daban. Daniel Savitsky na Cibiyar Fasaha ta Stevens da ke New Jersey ya yi bayaninta a aikinsa na 1964 kan jirage masu gudu a saman ruwa, wanda har yau masu zanen jirgi ke amfani da lissafinsa. A taƙaice, ga kowane gudu da kowane nauyi akwai iyakar yadda goshi zai ɗagu jirgi ya zauna lafiya. In ya wuce iyakar, inda ruwa ke tura jirgin ya riƙa gudu gaba da baya, goshi ya hau ya kasa tsayawa ya faɗo. Ka sauke tirim, ko ka matsar da kaya gaba. In ka yi duka biyun bai daina ba, ka ɗora doguwar miƙaƙƙiyar ruula a ƙarƙashin jirgin, ƙafa biyar ko shida na ƙarshe. In cikin ya yi tozo, ruular na lilo a kai, shi ke kawo sukuwa. In kuma ya lotsa, haske na wucewa a tsakiya, shi ke danne goshi ya hana jirgi tashi, wani lokaci ya karkatar da shi gefe. Tirelar da ba ta tallafi bayan jirgi daidai ba takan jawo wannan lotsawar a hankali.

Abu Hanan: Na gode Malama. Batura huɗu ne a baya, duk na dalma.

Bakanike: To ga shi nan. Kowane babba ɗaya ya kusa kilo 30. Na litiyam bai kai rabin haka ba. Amma a sani, wanda ya canza zuwa litiyam ya sauke kilo 50 ko fiye daga bayan jirgi, saitinsa na da ya tashi aiki, sai ya sake.

Tunda an zo nauyi: tankin ajiye kifi da rai, kowace lita kilo guda ce. Ko a cika shi ko a bar shi babu komai. Rabin tanki shi ne mugu, ruwan na gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata yana ƙara masa.

Ɗan Wuta: Duk kun bar babban abu. Ya ɗaga jak ɗinsa sama kawai. Ƙafar inji in ta nutse da yawa ita ke kawo rabin tangaɗin.

Bakanike: A nan kam ka yi gaskiya, rabi. Ƙafa in ta yi zurfi tana jan ruwa, kuma dole ka yi ta ɗaga tirim fiye da kima don goshi ya tashi, abin da ke ƙara tangaɗi. Amma "ɗaga kawai" ba magana ba ce. Ana aunawa ne: a daidaita tafin jirgi da sandar farfela da ma'aunin lebur, a auna tazarar tsakiyar sandar daga tafin. Da yawa sukan fara daga inci uku da rabi a ƙasa, su riƙa hawa rubu'in inci rubu'in inci, ido a kan agogon matsin ruwa. Ramukan da inji ke shan ruwan sanyaya kansa a jikin ƙafar suke. Ka ɗaga su su fita daga ruwa, ka dafa injin. Shi ya sa ƙafafun da aka yi don gudu, irin Sport Master ta kamfanin injuna Mercury, a can ƙasan hancinsu suke shan ruwa. Kuma in ka wuce gona da iri farfela ta saki ruwa a tsakiyar gudu, bayan jirgi ya zame, abin da Baba ya faɗa a farko ya same ka ba tare da ka taɓa totur ba.

Abu ɗaya ake canzawa a fita ɗaya, a rubuta. Wanda ya canza farfela da tsayin inji da wurin batura rana guda bai san wanne ya yi aiki ba.

Auta: Maganar 72 ɗin da mai jirgin ya faɗa fa? Zai yiwu?

Malama Injiniya: Lissafi zai gaya maka. Ka ninka juyin inji a minti da takun farfela a inci (wato nisan da take ci a juyi ɗaya), ka raba da rabon giya (juyin inji nawa ke juya farfela sau ɗaya), ka sake rabawa da 1056, ya ba ka mil a awa in da farfela ba ta zamewa. Misali juyi 5800, taku 25, rabon giya 1.75: ya ba da 78 da rabi. Farfela kuwa dole ta zame, a irin waɗannan jirage kashi 10 cikin ɗari ko kusa da haka ba abin mamaki ba ne, ka ga an dawo wajen 70. Saboda haka 72 ba ƙarya ba ce a kan fuskarta, in shi kaɗai ne da ɗan mai. Duba lambar da ke jikin farfelarka ka yi naka. Kuma da GPS ake auna gudu, agogon jirgi mai aiki da matsin ruwa yakan yi ƙari.

In burinka zama lafiya ne ba lamba ba, gwada farfela mai fiffike huɗu. Takan riƙe ruwa da kyau, ta ɗaga bayan jirgi, ta rage maka ɗan gudu a sama. Ka tuna inci ɗaya na taku yakan canza juyin inji da kamar 150 zuwa 200, kada ka fita daga iyakar da masu injin suka rubuta.

Mai Fatsa: To kun ji. An zagaya an dawo kan a rage gudu.

Sarkin Ruwa: An dawo kan ya san jirginsa, Mai Fatsa. Ba ɗaya ba ne.

Na Teku: Ina ta karatu ban ce komai ba, don mu namu na teku ne. Amma kada wani ya ɗauki darasin nan ya kai shi kan kowane jirgi. Namu cikinsu mai tsini ne sosai, zanen da Raymond Hunt ya fito da shi, wanda ya yi suna bayan jirgin Richard Bertram mai suna Moppie ya ci tseren Miami zuwa Nassau a 1960 cikin ruwa mai hauka. Kusurwar cikin digiri 24 ce har baya. Yana yanka igiyar ruwa, amma a tsaye ya fi rangaji, kuma in aka cika masa injuna shi ma yana tangaɗi.

Inda nake so a kula shi ne sababbin nan masu matakala a ƙarƙashinsu, waɗanda ke shigar da iska ƙarƙashin jirgi don rage jan ruwa. A jirgi na gargajiya, kafin kwana kana sauke tirim. A mai matakala, ka danne goshi da yawa ka shiga kwana da gudu, goshi ya kama, baya da ke kan kumfa ya zame, jirgi ya juya a wuri ɗaya. A irinsu, gudu ake ragewa tun kafin kwana, a bar tirim kusa da inda yake, kuma ba a yanke wuta a tsakiyar kwana.

Ɗan Wuta: To Baba ya ce tirim tukuna, kai ka ce a bar tirim. Wa za a bi?

Na Teku: Duka. Baba na maganar jirgi mai tafi da ke tangaɗi a miƙaƙƙiyar hanya. Ni ina maganar mai matakala a cikin kwana. Ka duba ƙarƙashin jirginka kafin ka zaɓi shawara.

Malama Injiniya: Ɗan Wuta, tunda kai ne mai son lamba, ga ɗaya da ba a ambata ba. Iska ma ninki take yi kamar ruwa. Kana gudun 70, iskar gaba na busowa da 20, goshinka 90 yake ji, kuma ɗagawar da take yi masa ta ƙaru da kusan kashi 65 cikin ɗari. Tirim ɗin da ya yi daidai lokacin da iska ke bayanka ya yi yawa da zarar ka juyo kana fuskantarta. Haka in za ka tsallaka igiyar da wani jirgi ya bari: rage gudu tun da nisa, sauke goshi kaɗan, ka yanke ta a karkace, kada ka bi tsawonta gefe ɗaya a sama gefe ɗaya a rami.

Abu Hanan: Oga Bakanike, robobin injin da ka ambata, na ji ana canza su da na ƙarfe zalla. Ya dace da irinmu?

Bakanike: Ga mai wuce mil 75 kullum, e, suna kashe motsin gaba ɗaya. Amma duk karkarwar inji za ta shigo jirgi, za ka ji ta a ƙafarka da sitiyari, notuna kuma sai an riƙa bin su a kai a kai. Kai da matsalarka ke a mil 35, sababbin robobi na asali sun ishe ka. Fara da matsar da baturi ɗaya gaba ka ga abin da goshin zai yi.